Zan kai iyali kwana a Joshua Tree ƙarshen Maris, wane kaya zan tanada?

Ɗan_Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka saba kwanan daji a nan Amurka, musamman ɓangaren hamada. Yara za su samu hutun makaranta ƙarshen watan Maris, shine nake so in kwashe su da mamansu mu je gandun dajin Joshua Tree da ke Kaliforniya mu yi kwana biyu a tanti, mu huɗu ne, ni da ita da yara biyu, ɗaya shekara 9 ɗaya 6. Allah ya taimake ni wani ya soke bukin ɗinsa a Recreation.gov, shafin da ake kama wurin kwana, na samu wuri a sansanin Jumbo Rocks.

Ban taɓa kwana a tanti ba, ita ma haka. Abin da nake da shi yanzu: tanti na mutum shida da aka ba ni kyauta har yanzu yana cikin jakarsa, katifar hurawa babba wadda muke shimfiɗa wa baƙi, barguna na gida, kula ɗaya, sai tocilan. A tunanina tunda hamada ce zafi ne zai fi damunmu, to kaya marasa nauyi nake shirin ɗauka, har ina tunanin ƙaramar fanka mai batir saboda yaran. Aljihun ba wani nauyi gare shi ba gaskiya, ba na so in je in kwaso tarkacen da ba za su yi amfani ba. Me ya zama dole in saya, me zan iya haƙura da shi? Nagode.


Baba_Mai_Tanti ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi dabara da ka tambaya tun da sauran lokaci. Fankar nan ka bar ta a gida, kuɗinta ka ƙara a kayan barci, don abin da zai hana ku runtsawa a Jumbo Rocks a watan Maris sanyi ne.

Wurin da ka kama yana kan tudu, tsayinsa daga teku ya kai ƙafa 4,400, wato wajen mita 1,340, kuma duk mita 1,000 da ka hau yanayi na raguwa da kusan digiri 6 na Salsiyas, ga shi iskar hamada a bushe take babu danshi babu gajimare da zai riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana, rana na faɗuwa ɗumin nan sai ya tashi sama gaba ɗaya. Da azahar za ka ga mutane da 'yar shat suna gumi, da asuba wani lokacin sanyin yana gangarowa har kusa da daskarewar ruwa. Kada ka duba hasashen yanayi na garin Palm Springs da ke kusa da gandun ka ce shikenan, can a ƙasan kwari yake, tsayinsa bai fi mita 150 ba, ba duniya ɗaya kuke ba. Ka nemi hasashen cikin gandun dajin kansa.

To abu na farko jakar barci, kowa da tasa har yaran. Ka nemi wadda aka rubuta wa 20°F, wato wajen -7°C. Na san za ka ce ai sanyin ba zai kai haka ba, eh ba zai kai ba, amma lambar da suke bugawa da manyan baƙi a jikin jakar yawanci ita ce iyakar da namiji zai iya jurewa a duƙunƙune, akwai wata lamba ta biyu ta barci cikin daɗi wadda ta fi ta sama da digiri da dama, ita za ka duba wa maman yara da yaran. Yaro kuma kar a sa shi a jakar babba haka kawai, filin da ya rage a ƙasan ƙafarsa jikinsa ba zai iya ɗumama shi ba, in babu ta yara to a naɗe ƙasan a ɗaure da igiya daidai tsayinsa.

Na biyu, wanda mutane suka fi rainawa, abin da za ka shimfiɗa a ƙasa. Katifar baƙin nan taka iska ce zalla a ciki, iskar tana yawo tana kwasar ɗumin bayanka tana kai wa ƙasa, ko bargo goma ka lulluɓa ta sama za ka ji sanyi na huda ka ta ƙasa, domin duk abin da ka kwanta a kai ka danne shi ya daina riƙe ɗumi. Katifun daji suna da wata lamba da ake kira R, tana nuna yadda suke tare sanyin ƙasa, ku nemi 3 ko sama da haka. In kuɗi bai kai ba ga hanya mai sauƙi: 'yar tabarmar soso mai naɗewa lambarta wajen 2 ce, kuma lambobin haɗuwa suke in ka jera ɗaya kan ɗaya, to ka ɗora soson a saman katifar taka, ka ƙara bargo mai kauri a kai, sannan jakar barci. A sama fa, tsakanin jikinka da katifar. Soson ma yana da wani amfani, ƙaya ba ta sace shi.

Sutura kuma hawa-hawa ake sa ta. Ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, don auduga in ta sha gumi ba ta bushewa da wuri sai ta koma tana sanyaya ka, sai suwaita, sai jaket mai tare iska. Hular sanyi da safar ulu kowa ya samu, kuma a ware safa ɗaya busasshiya ta barci kawai wadda ba a yawo da ita. Ni kafin kwanciya nakan dafa ruwa in zuba a gora mai ƙarfi mai murfin da ba ya yoyo, in zura ta cikin safa in tura ƙasan jakar yaro, kan ya gama wanke baki wurin ya yi ɗumi.

Abu ɗaya da zan roƙe ka da girman Allah: duk tsananin sanyi kada a kunna rishon gas ko a shigo da garwashi cikin tanti. Iskar da ke fita daga ciki ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa, iyalai sun mutu ta haka. Girki a waje, kullum.


Direban_Tirela ya rubuta:

Baba ya gama magana kan sanyi, ni iska zan ƙara. Malam in ka taso daga Los Angeles ta babbar hanyar I-10 kafin ka karya ka hau hanya ta 62 za ka wuce mashigar San Gorgonio, ka kalli dama da hagu ka ga fankokin samar da lantarki sun cika wajen, ba banza aka kafa su nan ba. Ni da nake jan babbar mota sai na riƙe sitiyari da hannu biyu a wurin. Kuma Maris da Afrilu lokacin iska ne a hamadar nan.

Tantin mutum shida dogo ne, iska na samun wurin kamawa sosai. Ƙusoshin da ke zuwa cikin jakar irin siraran nan kamar waya ba abin da za su yi maka, wani wurin ƙasar tsakuwa ce mai tauri su lanƙwashe, wani wurin yashi ne su zare. Ka sayi manyan ƙusoshin ƙarfe masu tsawon inci 10, ba su da tsada, da guduma, da ƙarin igiya. Duk wani kunne da ka gani a jikin rufin tantin an yi shi ne don a ɗaura igiya a ja, ka ɗaure su duka ko da lokacin da kuka isa ko ganye ba ya motsi, don cikin dare take tasowa. Ka kafa ƙusar a karkace kanta na kallon nesa da tantin, ka ɗora dutse a kai. Ƙofa kuma kar ta kalli inda iskar ke fitowa, in da hali ka fake da manyan duwatsun wurin ko ka tare da motarka.

Kuma dan Allah ka fito da tantin nan daga jaka wannan satin ka kafa shi ko a falo ne, ka tabbatar sandunan sun cika zif yana aiki, kai da madam ku san wa zai riƙe ina. Ƙarshen Maris wajen ƙarfe 7 rana ke faɗuwa, ku yi ƙoƙari ku isa da la'asar. Mai ma ka cika tanki a Yucca Valley ko garin Joshua Tree ko Twentynine Palms, cikin gandun babu gidan mai ko ɗaya, babu shagon abinci.


Maman_Biyu ta rubuta:

Sannunku. Yaya Ɗan_Koyo ban ga ka ambaci ruwa ba, kuma Jumbo Rocks babu famfo fa, ko ɗigo. Masai ne kawai na rami, da tebur, da wurin hura wuta. Sansanonin da ke da ruwa Black Rock ne da Cottonwood, kuma dukansu da nisa daga inda kuke. Hukumar gandun tana cewa aƙalla galan 1 ga kowane mutum a rana, kusan lita 4 kenan, in za a yi yawon ƙafa cikin rana a ninka. Ku huɗu kwana biyu wuni uku, lita 48 kenan na sha kawai, ba a sa girki ba, ba a sa wanke kwanuka da hannun yara da alwala ba. Ni dai da ni ce jarka mai galan 5 guda huɗu zan ɗauka, kuma gara jarkoki da yawa da babba guda ɗaya, in ɗaya ta fashe a but ba ku tashi a tutar babu ba.

Abin da ke yaudarar mutum a wurin shine ba ka ganin gumi, yana fitowa iska na shanye shi, ga sanyi-sanyi, sai yaro ya wuni bai nemi ruwa ba, da yamma ya fara ciwon kai da rigima a rasa dalili. Kowane yaro a ba shi gorarsa a rataye, ana tuna masa, kuma a dinga lura da fitsarinsu, in ya yi duhu ruwa ya yi kaɗan. A haɗa da ɗan abin ci mai gishiri ko garin ORS a jaka.

Rana kuma ta kan tudu ta fi ƙuna ko da ba ka jin zafinta, kar a ce mu baƙaƙe ne ba ruwanmu, fata na ƙonewa leɓe na tsagewa har jini, hancin yara ma yakan haɓo saboda bushewa. Man kare rana, man leɓe, basilin, hula mai faɗin baki, tabarau, riga mai dogon hannu mara nauyi.

Sai maganar ƙaya, wannan ita ce ta fi ba ni tsoro da yara. Akwai wani kaktus da ake kira cholla, har lambu guda gare shi a kan hanyar da ta gangara kudu wajen Cottonwood, daga nesa kamar gashi mai laushi yana sheƙi in rana ta haske shi, yaro sai ya ji yana son taɓawa. Gaɓoɓinsa suna ɓallewa su zube a ƙasa, kana gogar ɗaya ta manne, kuma kowace ƙaya tana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya shi ya sa take shiga da sauƙi ta ƙi fita. In ta kama yaro kar a sa hannu, hannun ma kamawa za ta yi. Mataji ake zurawa tsakanin fatar da dunƙulen a fizge da ƙarfi gefe inda babu mutum, sannan a bi ragowar da matsefata ɗaya bayan ɗaya. To mataji mai manyan haƙora da matsefata su shiga akwatin magani tare da filasta da bandeji da maganin zazzaɓi na yara. Takalmi rufaffe, banda silifas ko zuwa bayi ne da dare.

Da ɗumi ya fara shigowa macizai masu ƙaraurawa a wutsiya suna fitowa, su dai ba sa bin mutum, amma a gaya wa yara kar su zura hannu ko ƙafa a ramin dutse da ba sa ganin cikinsa, don Jumbo Rocks duwatsu ne masu kiran yaro ya hau. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaurewa da igiya, a cire zobe ko agogo a kwantar da hankali a nufi asibiti. Takalma a kwana da su cikin tanti a rufe zif, da safe a kakkaɓe saboda kunama. Tocilan ɗaya ba za ta ishe ku ba, ku sayi irin ta goshi kowa da tasa da ƙarin batir, mai girki da dare tana buƙatar hannunta biyu.


Ɗalibi_a_Yuta ya rubuta:

Ni ina da ɗan bambancin ra'ayi da Baba kan sayen jakar barci huɗu. Baba ka yi haƙuri, amma mutumin da bai taɓa kwana a tanti ba bai san ko iyalinsa za su so abin ba, in ya zuba ɗaruruwan daloli a kaya suka dawo madam ta ce ita da daji har abada fa? Tunda mota za ta tsaya ne dab da tantin ba a baya za a goya kayan ba, nauyi ba matsala ba ne. Wasu shagunan kayan daji suna bada haya, jami'o'i da yawa ma suna da ofishin da ke bada hayar tanti da jakar barci da arha, ko a ara wurin abokan aiki, ko a sayi na hannu. Soson ƙasa da ƙusoshi da jarkoki su ne zan ce a saya kai tsaye.

Risho kuma mai kai biyu na gas ɗin propane mai koren gwangwani ya fi muku. Irin mai siririn gwangwanin butane ɗin nan da sanyin asuba wutarsa raguwa take, don butane ba ya tashi ya zama iska in sanyi ya kai wajen 0°C, shi kuwa propane sai -42°C. Ashana da laita duka a ɗauka.


Ɗan_Koyo ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Na karanta wa maman yara duka, ita maganar ƙayar nan ce ta tsaya mata, har ta ware mataji. Fanka an soke ta. Zan bi shawarar ɗalibi in nemi aron jakunkuna biyu na manya, na yara kuma in saya tunda Baba ya ce girman yana da muhimmanci. Sauran tambaya uku. Itacen hura wuta a can ake samu ko sai na taho da shi? Sannan ina da ragar lilo da ake ɗaurawa tsakanin bishiya biyu, yara suna sonta sosai, zan iya ɗaura ta a bishiyoyin wurin? Kuma ya maganar sabis na waya, don ina so in dinga duba taswira.


Baba_Mai_Tanti ya rubuta:

Ɗalibi ya yi gaskiya, aro ba laifi, ni dai lambar jakar ce damuwata, ko ta waye a duba ta.

Itace sai ka taho da shi, ana sayar da ɗauri-ɗauri a garuruwan bakin gandun, ka saya a nan kusa kar ka ɗauko daga nesa saboda ƙwarin da ke ɓuya cikin itace. Haramun ne tsintar ko da busasshen reshe a ciki, kuma wuta sai cikin zoben ƙarfen da aka tanada. In iska ta yi ƙarfi ku haƙura da wutar gaba ɗaya, in kun hura kuma a kashe da ruwa a juya tokar har sai ka iya kai hannu kusa ba ka ji zafi ba, to ka sa wannan ma a lissafin ruwan da Maman_Biyu ta yi maka. Ka leƙa shafin hukumar kafin ku taso, wani lokacin suna hana wuta kwata-kwata.

Ragar lilo a bar ta a gida. Dokar wurin ta hana ɗaura igiya a jikin kowane tsiro, ko ta shanya ce. Bishiyar Joshua ɗin nan da kake gani dangin wani tsiro ce da ake kira yucca, cikinta zare-zare ne ba katako mai ƙarfi ba, girmanta a hankali yake ƙwarai, reshen da yaro zai karya a minti ɗaya ya daɗe yana tsirowa tun kafin a haifi yaron. In inuwa kuke so ku zo da tamfol ko rumfa mai ƙafafu, amma ita ma a ɗaure ta da ƙusa kuma a sauke ta duk lokacin da za ku bar wurin.

Sabis ka ɗauka babu shi daga ka wuce ƙofar gandun. Ka sauke taswirar a waya tun a gida, ka karɓi ta takarda a ofishin baƙi, ka taho da fawa banki, sanyi na cinye batir don haka wayar ta kwana cikin jakar barcinka. Ka gaya wa wani a gari sunan sansanin da lambar wurinku da ranar da za ku dawo.

Abinci da shara a mota ko cikin kula mai rufuwa, hankaki da kurege sun ƙware wajen yaga leda, kuma kar yara su ba su komai. Ruwa ma kar a bar shi a buɗe, ƙudan zuman wurin ƙishirwa gare su, suna taruwa har ƙarƙashin mota inda ruwan AC ke ɗiga. In kun ci karo da kunkurun hamada ku kalle shi daga nesa, doka ta kare shi, kuma in aka ɗaga shi tsoro na sa ya zubar da ruwan da ya tara a mararsa wanda da shi yake rayuwa har zuwa wani ruwan saman. Yakan fake a inuwar mota, to ka leƙa ƙarƙashi kafin ka tada ita. In kuma kun ga hadari ko daga nesa ne ku fita daga busassun ƙoramu, ruwa kan zo da gudu daga inda aka yi shi ko da a kanku ba a ɗiga ba.

Ka duba kalanda ka ga ko daren naku ya dace da duhun wata, tun 2017 aka sa gandun cikin wuraren da ake kare duhun samaniyarsu, in tocilan ɗinku na da jar wuta ita za ku kunna da dare don kar ku dame maƙwabta masu kallon taurari. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe kuma ba a hayaniya a sansanin. Allah ya kai ku lafiya, in kun dawo ka zo ka ba mu labarin yadda tantin ya yi da iska.